A Faɗa wa Alhazai Gaskiyar Hawan Jabalun Nur da Dutsen Saur

Malam Edita, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini domin mu isar da saƙo ga maniyyata, da malaman bita, da jami'an da ke rako alhazai ƙasa mai tsarki. Mu Hausawa ne mazauna Makka, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda 'yan uwanmu ke tunkarar duwatsun garin nan ba tare da sanin abin da suke tunkara ba. A bita ana koyar da ɗawafi da sa'ayi da jifa, ana maganar guzuri da nauyin jaka, amma da wuya ka ji an ware ko minti goma a kan hawan dutse. Alhali kuwa da zarar alhaji ya huta kwana biyu a unguwar Misfala, abin da zai fara ji a bakin masauki shi ne kiran masu motocin ziyara: Kogon Hira, Kogon Saur, Dutsen Arfa.

Mu fara da Jabalun Nur, dutsen da Kogon Hira yake, domin shi ya fi jan mutane. Yana arewa maso gabas da Harami, tazarar kamar kilomita huɗu, kuma tsayinsa daga saman teku ya kai wajen mita 640. Abin da mutum zai hau da ƙafarsa daga gindin dutsen ya haura mita 250, wato kamar a ce ka hau bene mai hawa tamanin babu lifta. Wanda ya saba hawa Dala ko Kufena da yamma kada ya auna wannan da su. Daga ƙasa dutsen yakan yi kamar kusa yake, kana hango mutane a kansa farare kamar tsakuwa, sai ka ce ai yanzu zan je in dawo. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Matashi mai ƙarfi yakan yi minti arba'in da biyar zuwa awa guda kafin ya kai, dattijo ko mai jiki kuwa awa biyu ba ta yi masa yawa ba, sannan ga layin shiga kogo, ga saukowa.

A shekarun nan hukuma ta gina unguwar tarihi ta Hira a gindin dutsen, da wurin baje kolin tarihin saukar wahayi, an kuma gyara hanyar hawa. Wannan alheri ne, kuma wanda ba zai iya hawa ba zai samu ilimi mai yawa a nan ƙasa. Amma gyaran hanya bai rage wa dutsen tsawo ba. Matakalar sun haura dubu, kuma a sama ba tsayinsu ɗaya ba: wata taƙi guda, wata sai ka ɗaga gwiwa sosai. Ƙafa takan saba da tsayin matakala ɗaya, idan ya canza ba zato sai ta yi tuntuɓe, musamman in gajiya ta shiga.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kogon ba a ƙololuwar dutsen yake ba. Sai ka kai can sama tukuna, sannan ka gangara ta ɗaya gefen, ka ratsa wani matsattsen wuri tsakanin manyan duwatsu wanda mutum ɗaya ke bi a karkace. Masu shiga da masu fita duk ta nan suke bi. Kogon kansa tsawonsa bai kai mita huɗu ba, faɗinsa kuma kamar mita ɗaya da rabi, mutum biyu ko uku sun cika shi. To ka ɗauka mutum hamsin ne suka taru a ɗan filin da ke bakinsa, kowa ya gaji, kowa yana son ya yi raka'a biyu a ciki. A nan ake turereniya. A nan ne kuma wasu samari ke haurawa kan dutsen da ya rufe kogon domin ɗaukar hoto ko domin su tsallake layi, alhali bayan wannan dutsen babu komai sai rami mai zurfi. Wanda ya iske cunkoso ya tsaya daga baya ya kalli wurin, ya yi wa Manzon Allah (SAW) salati, ya juya. Babu abin da ya rasa.

Muna faɗin haka ne domin malamai sun yi ittifaƙi cewa hawan wannan dutse ba rukuni ba ne, ba wajibi ba ne, ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra. Babu fidiya a kan wanda ya bar shi. Shauƙin ganin inda aka saukar da ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ abu ne da duk mai imani zai fahimta, kuma ba mu zo mu raina shi ba. Sai dai ya kamata a tuna da hadisin Nana A'isha (RA) da ke farkon Sahihul Bukhari: Manzon Allah (SAW) yakan yi guzuri kafin ya tafi kogon, in ya ƙare ya koma wurin Nana Khadija (RA) ya sake ɗaukar wani. Shi da ya tashi a cikin duwatsun nan bai hau hannu rabbana ba. Wanda ya sauko daga jirgi shekaranjiya ya fi buƙatar shiri.

Dutsen Saur kuma wani abu ne daban, kuma shi ya fi ba mu tsoro. Yana kudu da Harami, bayan unguwar Kudai, tsayinsa wajen mita 750. Ya fi Jabalun Nur tsawo, hanyarsa ta fi nisa, masu binta kuma ba su kai na Hira yawa ba, don haka wanda ya faɗi yana iya daɗewa kafin wani ya iso shi. Yana da wata yaudara: ka hango tudu ka ɗauka ƙarshe ke nan, ka zuba duk ƙarfinka ka kai, sai ka ga wani tudun a bayansa. Mutum yakan shanye ruwansa a tudun farko yana zaton ya iso. Awa biyu hawa, awa ɗaya da rabi sauka, wannan lissafin mai lafiya ne. Kogon da Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar (RA) suka yi kwana uku a ciki lokacin hijira a shekarar 622 ƙarami ne, sai an durƙusa ake shiga. Duk wanda ya hau wannan dutse zai san girman abin da Nana Asma'u 'yar Abubakar (RA) ta yi da take kai musu abinci. Amma dattijuwa mai ciwon gwiwa ba a ɗora mata ta maimaita shi ba.

Yanzu ga wanda ya ce shi dai zai hau, kuma yana da lafiyar hawa.

Lokaci shi ne kan gaba. Hajji yana faɗowa cikin zafi a shekarun nan, kuma duk da yana matsowa baya da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, Makka ba ta da sanyin kirki ko a wane wata. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma mutum sama da 1,300 suka rasu, yawancinsu saboda zafi. Waɗannan a ƙasa suke tafiya, ba dutse suke hawa ba. Dutse yana shan rana ya mayar maka da ita ta ƙasa, har ƙarfen da ake dafawa a gefen hanya ba ya taɓuwa da hantsi. Don haka a fara hawa da an sallame Asuba, ko kafin ta da tocila, a tabbatar an dawo ƙasa kafin ƙarfe tara na safe. A yanke lokacin juyawa tun daga ƙasa: in ƙarfe bakwai da rabi ta yi, ko an kai ko ba a kai ba, a juyo. Hawa bayan La'asar yana da daɗi a farko, amma sakamakonsa shi ne saukowa cikin duhu da gajiyayyun ƙafafu. Mai azumi kuwa, a Umrar Ramadan, kada ya kusanci dutse da rana ko kaɗan.

Sai ruwa. Jikin da ke hawa cikin zafi yana iya zubar da lita guda ta gumi a cikin awa ɗaya, kuma iskar Makka tana busar da shi nan take, shi ya sa mutum ba ya ganin yawan abin da ya fita. Robar ruwa ƙarama ɗaya a hannu ba guzuri ba ce. A ɗauki lita biyu ga Jabalun Nur, uku ga Saur, a cikin jakar goyo domin hannuwa biyu su zama a sake. A sha rabin lita kafin a fara, sannan a riƙa kurɓa duk bayan minti goma sha biyar zuwa ashirin, kada a jira ƙishirwa. Ruwa zalla kuma ba ya mayar da gishirin da ya fita, shi ya sa tsokar ƙafa ke ɗaurewa. A sayi ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da suga, a kemis a zuba a roba ɗaya. In babu, a haɗa: lita guda ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Rabin ruwan na hawa ne, rabi na sauka. Akwai masu sayar da ruwa da shayi a wasu wurare a kan hanya, amma kada a dogara da su, domin ba kullum suke nan ba, kuma farashi yana hawa tare da kai.

Takalmi kuwa, Malam Edita, da za ka tsaya a gindin dutsen ka kalli ƙafafun mutanenmu da hankalinka ya tashi. Silifas ɗin da aka shiga banɗaki da shi, wanda ƙasansa ya suɗe kamar tafin hannu, shi ne a ƙafar mafi yawa. In gumi ya jiƙa shi sai ƙafa ta riƙa zamewa a cikinsa, a gangara kuma duk nauyin jiki yana komawa kan ɗan hancin nan da ke tsakanin yatsu, sai ya tsinke. Mutum ya rage da ƙafa ɗaya a kan dutse mai zafi, saura matakala ɗari bakwai. A sa kambas mai igiya da ƙasa mai kaushi, da safa, kuma ya zama wanda aka riga aka yi tafiya da shi, domin sabo yana yin kanta. Wanda ke cikin ihrami kada ya hau sai ya fita daga ihraminsa, domin gwado ba kayan hawa ba ne. Iyayenmu mata su lura da dogon hijabi da abaya mai jan ƙasa: a hawa kina taka gabanta, a sauka ta bayanki tana taka bayanta. A sa wando a ciki, a ɗage rigar zuwa idon sawu a ɗaure da ɗankwali a ƙugu, sutura ba ta ragu ba. Goyon yaro a wannan hanya bai kamata ba sam.

An fi faɗuwa a saukowa, kuma dalilin a fili yake. Cinya ita ce birkin jiki, ta riga ta gaji tun a hawa, sai ta fara rawa. Zuciya ta saki, ana ganin an gama, ana hira, ana duba hotuna a waya. Ga 'yar tsakuwa da ƙura a kan matakala masu mirginawa a ƙarƙashin takalmi. A sauko da gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, a wuri mai tsayi a juya gefe a sauke ƙafa ɗaya sannan ɗaya. A bar tazarar matakala uku tsakaninka da na gabanka, domin in ɗaya ya zame kada ya kwashi biyar. Kada a riƙe hannun juna a jere kamar yadda ake yi a ɗawafi, a dutse wannan jan juna ne zuwa ƙasa. Kuma kada a yanke hanya. Ɗan sawun da ka gani ya ratse gefe kamar ya fi kusa, sau da yawa a bakin rami yake ƙarewa. Sannu ba ta hana zuwa.

Birai ma suna nan, garke-garke, kuma sun san leda. Duk wanda ya riƙo leda a hannu suna ɗauka abinci ne, sai babban cikinsu ya zo ya fizge. Ba fizgewar ce masifa ba, firgitar ce: mutum ya zabura ya ja baya a wurin da babu baya. Abinci ya zauna a cikin jaka a zuge, kada a ba su komai, kada a zura musu ido ko a jefe su. In sun kama abu a sakar musu. Wanda biri ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti goma sha biyar, ya tafi asibiti a ranar, saboda cutar haukan kare ba a jira a ga alamarta.

Akwai waɗanda muke roƙo da girman Allah su haƙura. Mai ciwon zuciya, mai asma da ke tashi da ƙura, mace mai ciki, wanda aka yi wa aiki bai daɗe ba, wanda ya kwana da gudawa ko zazzaɓi. Mai hawan jini da ke shan maganin da ke sa yawan fitsari ya sani ruwan jikinsa yana ƙarewa kafin na kowa. Mai ciwon suga da ya sha magani ko ya yi allura ya fito bai karya ba, sugansa zai faɗi a tsakiyar hanya, alamarsa rawar jiki da gumi mai sanyi da ruɗewa, maganinsa dabino uku ko lemon kwalba nan take. Irin wannan ya tambayi likitan tawagarsu tukuna. Kuma kada a hau kwana biyu ko uku kafin fita Mina. Targaɗe ɗaya ya isa ya sa mutum ya yi Arfa a gadon asibiti, ya biya miliyoyi ya zo ya sayar da wajibi saboda abin da ba a ɗora masa ba.

In abu ya faru, a san bambancin gajiyar zafi da bugun zafi. Wanda ke jin jiri da ciwon kai da tashin zuciya, yana gumi, amma hankalinsa na nan, a kai shi inuwar dutse, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a ba shi ruwan gishiri da suga kaɗan-kaɗan, kuma hawansa ya ƙare ke nan ko da ya ce ya warware. Wanda kuwa ya fara sambatu, ko yana tangaɗi kamar mai maye, ko bai gane abokin tafiyarsa ba, jikinsa zafi rau, wannan rai ne a hannun Allah, kuma mintoci ake ƙirgawa. A kwarara masa duk ruwan da ke akwai a kai da wuya da hammata da matsematsi, a yi ta fifita, a kira agaji a lokaci guda. In ya suma kada a ɗura masa ruwa a baki, ko Zamzam ne, zai shiga huhu. A kwantar da shi ta gefe. Wanda ya faɗo ya bugu a kai ko wuya ko gadon baya, kada a ciccibe shi, kada a zaunar da shi, kuma kada wani ya ce zai ja ƙafa ya gyara. Lambar gaggawa a Makka da Madina ita ce 911, motar asibiti ta Hilal Ahmar 997, 'yan kwana-kwana masu aikin ceto a dutse 998. A faɗi sunan dutsen, a ce ana sama ne ko tsakiya. Shi ya sa dole waya ta cika da caji, katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji, da katin masauki suna wuya, a tafi aƙalla mutum uku, kuma a bar wa wani a masauki labarin inda aka tafi da lokacin dawowa. In hadari ya haɗu, wanda yakan faru daga Nuwamba zuwa Janairu, a sauko tun kafin ɗigon farko. Kan dutse wurin faɗuwar tsawa ne, jiƙaƙƙen dutse kuma santsinsa kamar an zuba kuɓewa.

Akwai kuma wata kalma tamu da ke jawo wahala. Mun saba cewa hawan Arfa, har wasu suka ɗauka sai an hau dutsen nan mai farin ginshiƙi Hajji ke cika. Abin da shari'a ta ce tsayuwa ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce shi ya tsaya a nan, amma Arfa dukkanta wurin tsayuwa ce. Dutsen nan, wato Jabalur Rahma, ɗan tudu ne da bai wuce mita saba'in ba, haɗarinsa ba a tsawonsa yake ba. Yana cikin tafiyar da mutum zai yi daga tantinsa da tsakar rana, da cunkoson da zai tarar, da ɓatan hanya a dawowa, domin tantuna duk kamarsu ɗaya. Wanda ya zauna a tantinsa yana addu'a har rana ta faɗi, Arfarsa ta cika. A Madina ma, tudun maharba da ke gaban Uhudu gajere ne, amma ƙasarsa tana zamewa, dattawa su bi a hankali ko su tsaya a ƙasa wajen maƙabartar shahidai.

Ga 'yan uwanmu ɗalibai da ma'aikata da ke Jidda da Riyad masu fita yawon ƙarshen mako, kalma biyu. Ramin Wahba da ke hamadar arewa maso gabas da Ɗa'ifa faɗinsa kilomita biyu ne, zurfinsa kamar mita 250, ƙasansa fari fat kamar an shimfiɗa gishiri. Lissafinsa a juye yake: sauka ce a farko, da sauƙi, hawa kuma a ƙarshe lokacin da ruwa ya ƙare rana ta take. A tsaya a baki a kalla. Gaɓar dutsen Tuwaiƙ da ke arewa maso yamma da Riyad, wadda masu yawon buɗe ido ke kira ƙarshen duniya, ba ta da shinge, bakinta yana ɓarewa, iska tana turawa, sabis ɗin waya kuma ba tabbas. A can kudu wajen Abha, inda dutsen Sauda ya kai kusan mita 3,000, hazo ne ke rufe hanya cikin 'yan mintoci, ruwa kuma in ya sauka a sama kwari yana cika ko da inda kake ba a yi ɗigo ba.

Roƙonmu ga hukumar alhazai ta ƙasa da na jihohi, da kamfanonin jirgin yawo, da 'yan uwanmu na Nijar da Ghana, shi ne a sa wannan darasi a cikin bita, a nuna hoton matakalar da na bakin kogon domin gani ya kori ji. Likitan kowace tawaga ya faɗa wa masu ciwo ƙarara cewa ban da su. Malamin da ke cikin motar ziyara ya yi bayanin tarihin a gindin dutse, ya faɗi hukuncin hawa, kada ya sauke mutane da ƙarfe goma na safe ya ce mota za ta tashi bayan awa ɗaya, domin wannan shi ke sa su gudu a matakala. Waɗanda suka nace za su hau a ware musu rana dabam bayan an gama Hajji, a fita da su kafin Asuba da jagora ɗaya a gaba ɗaya a baya, a ƙirga su a ƙasa, a sake ƙirgawa in an sauko.

Allah Ya kai maniyyata lafiya, Ya dawo da su ga iyalansu lafiya. Wassalam.

Masu karanta jaridarka,
Misfala, Makka.